Daga Gidan Waya Zuwa Intanet: Tarihin Karatu Daga Nesa

Da yawa daga cikinmu muna da 'ya'ya a jami'a, wasunmu kuma su ne ke koyarwa a can. Ba mamaki mun ga yaro ya duƙufa a kan waya, ya ce lacca yake saurara ko jinga zai tura wa malami. Wannan hanya tana da tarihi mai tsawo, kuma tarihin yana nuna mana abin da ya kamata mu nema daga jami'o'in da muke biya wa kuɗi.

Asalin abin a gidan waya yake. A shekarar 1840, lokacin da aka fito da kan sarki na kwabo ɗaya a Ingila, wani malami mai suna Isaac Pitman ya fara koyar da rubutun gaggawa irin na sakatarori ta hanyar wasiƙa. Ɗalibi ya yi aikin ya aiko, malam ya gyara ya mayar masa. Wannan gyaran shi ne ya bambanta darasinsa da littafin da ake saye a kanti. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna cikinta ba. Ta wannan ƙofa ce 'yan Nijeriya da dama suka sami digiri a zamanin Turawa, suna karɓar darussa daga makarantun wasiƙa irin su Wolsey Hall.

A 1969 Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, tana watsa darussa ta rediyo da talabijin na BBC. Duk da haka ba ta dogara da watsawar kaɗai ba. An haɗa kowane ɗalibi da malamin da zai duba jingarsa, ya rubuta masa inda ya yi daidai da inda ya kauce.

A nan gida, an kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta, domin malamai su ƙara karatu ba tare da sun bar aji ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita.

Ita kuwa kwamfuta, tun 1960 ta shiga wannan harka da tsarin PLATO na Jami'ar Illinois a Amurka. Amma sai da intanet ta yaɗu aka sami manhajar da ta tattara komai wuri guda: takardun darasi, da sunayen ɗalibai, da jinga, da maki, da zauren tattaunawa. Murray Goldberg ya fara ƙera WebCT a Kanada a 1995, kamfanin Blackboard ya fito a 1997, ya kuma saye WebCT a 2006. Waɗannan na kuɗi ne. A 2002 Martin Dougiamas ya fitar da Moodle kyauta, wadda kowace jami'a ke da ikon gyara ta yadda take so. Shi wannan mutum ya tashi a hamadar Ostireliya, inda ya yi karatun yarinta ta rediyo, saboda haka ya san kaɗaicin mai karatu daga nesa.

To, yawan masu shiga ba shi ne nasara ba. A 2011 malamai biyu na Jami'ar Stanford, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe wani darasi ga duniya baki ɗaya. Mutum kusan 160,000 suka yi rajista, amma kimanin 23,000 ne suka kai ƙarshe. Ba malamin da zai iya bin wannan taro ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gaji kuwa sai ya sulale babu mai cigiyarsa.

Annobar korona ta 2020 ta gwada mu. An rufe makarantu a watan Maris, kuma malaman jami'o'in gwamnati suna yajin aiki daga Maris har Disamba. Inda aka yi ƙoƙarin ci gaba da karatu, sai matsalar wutar lantarki da tsadar data suka kunno kai. A wurare da yawa abin ya tsaya a tura takardu ta WhatsApp.

Saboda haka idan ana maganar inganta waɗannan manhajoji, ga ma'aunin da ya dace da mu. Manhaja ta yi aiki a ƙaramar waya ba tare da cinye data ba, ɗalibi ya iya sauke darasi ya karanta ko da sabis ya ɗauke. Ta nuna wa malami ɗalibin da ya kwana biyu bai leƙo ba. Sa'an nan jami'a ta horar da malamai, ta rage musu yawan ɗalibai, domin jinga ta komo da gyara cikin kwanaki kaɗan. Malamanmu da suka riƙa kwana da jan biro a kan littattafanmu sun san nauyin wannan aiki.

Ina kira ga iyaye su tambayi 'ya'yansu ko malami yana mayar musu da jinga da bayani, 'yan'uwanmu masu faɗa a ji a jami'o'i kuma su tsaya a kan wannan.