Yadda ake gane lalacewar sensar zafin man giya a motar otomatik

Yawancin motocin tokumbo da 'yan kasuwa da ma'aikata ke hawa a biranen Najeriya masu giyar otomatik ne, kuma gyaran akwatin giyarsu na daga cikin gyare-gyare mafi tsada. Sau da yawa idan mota ta fara fizga wajen canjin giya, ko ta maƙale a giya ɗaya, hukuncin farko da ake yankewa a gareji shi ne akwatin giya ya mutu, sai an sauke shi. Amma akwai wata ƙaramar na'ura a cikin akwatin, wato sensar da ke auna zafin man giya, wadda lalacewarta kan haifar da irin waɗannan alamu alhali giyar lafiyarta ƙalau.

Aikin sensar

Man giyar otomatik ba shafe ƙarafa kaɗai yake yi ba. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa giya, da matsinsa ake kama kuloci ana sakinsa, kuma shi ke kwashe zafi. Kaurinsa na canzawa gwargwadon zafinsa: da sanyi yana da kauri, idan ya yi zafi sai ya tsinke. Saboda haka kwamfutar da ke sarrafa giya na buƙatar sanin zafin man kafin ta tsayar da lokacin canji da ƙarfin matsin da za ta bayar.

Sensar tana nutse ne a cikin man, galibi a jikin farantin bawul-bawul da ke saman kwanon man giya. A yawancin motoci kwamfuta na tura mata wuta mai ƙarfin bolt 5. Idan man na da sanyi, sensar na tare wutar sosai, kuma duk lokacin da zafi ya ƙaru sai tarewar ta ragu. Daga wannan sauyi ne kwamfuta ke lissafa zafin. Giya mai lafiya kan yi aiki ne a wajejen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Selsiyos.

Alamomin matsala

Idan sensar ta gaya wa kwamfuta cewa man na da sanyi alhali ya yi zafi, mota kan jinkirta hawa babbar giya, ta kuma ƙi ɗaure kulocin da ke haɗa inji da giya kai-tsaye a doguwar tafiya. Sakamakon haka injin zai riƙa ƙugi fiye da kima a kan babbar hanya, shan fetur kuma ya ƙaru. Idan kuwa ta nuna zafin da babu shi, kwamfuta na iya kunna fitilar gargaɗi, ta sauya salon canjin giya, ko ta tsare motar a giya ta biyu ko ta uku domin kare akwatin. Fizga mai ƙarfi wajen canji da kunnuwar fitilar inji a gaban direba su ma suna cikin alamun.

Sai dai babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya keɓanta da sensar. Ƙarancin mai, zuba man da bai dace ba, ko lalacewar bawul duk suna iya kawo su. Abin da bincike zai rarrabe abu uku ne: ko sensar ce ta lalace, ko wayarta ce ta samu matsala, ko kuwa gaskiya take faɗa, man ne ya yi zafi.

Karanta lambobin kwamfuta

Duk motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga shekarar 1996 tana da tsarin bincike na OBD-II, mai soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. A nan ake jona na'urar sikana. Lambobin da suka shafi wannan sensa sun fara daga P0710, wadda ke nuna matsala a layin wutarta gaba ɗaya. P0711 na nufin karatun bai dace da yanayin da motar ke ciki ba. P0712 na nuna wutar ta yi ƙasa ƙwarai, abin da galibi ke faruwa idan waya ta taɓa jikin mota. P0713 na nuna wutar ta yi sama ƙwarai, alamar tsinkewar waya ko mutuwar sensar. P0714 kuwa matsala ce mai zuwa ta tafi. Akwai kuma P0218, wadda ke cewa giyar ta yi zafi fiye da kima, kuma ita ba hukunci ba ce a kan sensar.

Lamba tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta cewa a sayi sabon kaya.

Matakan gwaji

Mataki na farko shi ne duba man: yawansa, launinsa da ƙamshinsa. Yawancin man giyar otomatik ja ne yana sabo. Idan ya koma baƙi yana ƙauri, zafin gaske ya taɓa shi. Idan ya zama kamar an gauraya shi da madara, ruwan lagireto ne ya shiga, domin a motoci da yawa bututun sanyaya man giya a cikin lagireto yake bi.

Na biyu shi ne gwajin safiya. Bayan mota ta kwana ba a tayar da ita ba, sai a jona sikana a kwatanta zafin man giya da na ruwan inji da na iskar da ke shiga inji. Ya kamata ukun su yi kusa da juna da kuma zafin gari. Idan sikana ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili, a yawancin motoci wannan alamar tsinkewar layi ce. Idan ta nuna kusan digiri 150 a motar da ta kwana, waya ce ta haɗu da jiki ko sensar ta ƙone.

Na uku, a tuƙa motar ana kallon karatun. Zafin mai a hankali yake hawa. Idan lambar ta yi tsalle da digiri masu yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ko ta tsaya cik duk da doguwar tafiya, da wuya laifin man ne. Ana kuma iya auna jikin kwanon giya da ma'aunin zafi na hannu domin a kwatanta.

Na huɗu aikin mai rewaya ne. Zai cire soket ɗin da ke jikin akwatin giya ya duba tsatsa, lanƙwasar ƙafafu ko yoyon mai a ciki, ya girgiza wayoyin yana kallon sikana. Daga nan sai ya auna tarewar sensar da mita, da sanyi da kuma bayan mota ta yi zafi, ya kwatanta da adadin da kamfanin motar ya rubuta, domin adadin ya bambanta daga mota zuwa mota.

Gyara da kiyayewa

Idan waya ce ko soket, gyaran na waje ne, kuma mai sauƙi. Idan sensar ce, yawanci sai an tsiyaye mai an kwance kwanon giya, ba tare da sauke akwatin ba. A wasu motocin sensar haɗe take da wayoyin cikin giya, don haka tare ake canza su. Wajen mayar da mai, dole a zuba irin wanda kamfanin ya ayyana. Sababbin motoci da dama ba su da sandar duba man giya, ana daidaita yawansa ne a wani ƙayyadadden zafi, wanda sensar ce ke bayar da shi. Ke nan lalatacciyar sensa na iya sa a zuba mai fiye ko ƙasa da kima.

Idan kuwa gwaji ya tabbatar da cewa sensar lafiya take, to gargaɗin nata gaskiya ne. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, cunkoson motoci da lodin kaya na ƙara wa giya nauyi. A irin wannan hali abin dubawa shi ne lagireto, fanka da bututun sanyaya mai. Goge lambar da sikana a ci gaba da tafiya na kashe fitilar gargaɗi ne kawai, kulocin cikin giya kuwa suna ci gaba da ƙonewa.

Kafin mai mota ya amince a sauke masa akwatin giya, ya dace ya nemi a nuna masa lambar da sikana ta fitar, da zafin da ta karanta da safe kafin a tayar da inji.