Take da Kirari Bayan An Ɗauki Makara: Tarihin Tunawa da 'Yan Kokawa a Kudancin Kano

Yankin da ya taso daga Bebeji da Ƙiru, ya bi ta Tudun Wada har ya dangana da duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, shi ne ɓangaren Jihar Kano da ya fi samun ruwan sama, don haka tun da daɗewa aka san shi da noman dawa da masara da rake, daga baya kuma shinkafa ta ƙaru bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. A irin wannan ƙasa ta manoma kokawa ta kafu, domin wasa ce ta kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, samari suka samu sararin gwada ƙarfin da suka tara a bakin garma. Ana yin ta a dandali da yamma ko da farin wata, ana kuma yin ta a kalankuwa, wato bikin da matasan ƙauye kan shirya bayan girbi, su gayyato takwarorinsu na garuruwan maƙwabta a kwana ana kiɗa da wasannin maza. Wanda ya gagari tsaransa a gida yakan shiga bin fage-fage da rani, yana rayuwa da kyautar 'yan kallo da ta iyayen gidansa, kuma daga nan kokawa ta zama masa sana'a. Yadda jama'a kan yi idan irin wannan gwarzo ya rasu yana ganiyar ƙarfinsa, da hanyoyin da suka gada na riƙe sunansa, wani ɓangare ne na tarihin yankin da ya cancanci a tsaya a kansa.

Rubutaccen tarihi ya san Bebeji da ganuwarta, da zamanta zango a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano, wadda Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya bi a 1826, da kasancewarta mahaifar Alhassan Ɗantata, sannan da ranar da sojojin Turawan mulkin mallaka ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ƙofarta da igwa a farkon 1903 a hanyarsu ta cin Kano. Litattafan da suka adana waɗannan abubuwa sarakuna da yaƙe-yaƙe da attajirai suke ƙirgawa, ba su da gurbin ɗan wasa. Shi dai Clapperton ɗin ya bar bayani a kan wasannin maza tun zuwansa Kano na farko a 1824, inda ya ba da wuri 2,000 aka kirawo masa 'yan dambe, suka zo da makaɗa da taron mahauta a bayansu, jama'a suka bar kasuwa suka kewaye su. Ya rubuta cewa ya hana a yi wasan da gaske, saboda labarin da ya samu cewa sau da yawa ba a tashi sai an rasa rai. Abubuwa uku sun fito a wannan bayani: kiɗa ba ya rabuwa da wasan, mutuwa tana kusa da fage a tunanin mutane, kuma baƙon da ya riƙe alƙalami bai damu da rubuta sunayen mazan da ya kalla ba. Aikin riƙe suna ya rage a hannun makaɗa da 'yan kallo.

Dambe da kokawa 'yan uwan juna ne, amma kowanne da gidansa. Dambe ya samo asali a wajen rundawa, wato mahauta na gado, ana naɗe hannu ɗaya da zare a kai naushi da shi, ɗayan kuma a yi kariya, kuma kalangu ne abin kiɗansa. Kokawa ta manoma ce, ba duka a cikinta sai riƙo da taɗiya da ɗagawa, kuma wanda bayansa ko mazaunansa suka taɓa ƙasa, a wasu wuraren ma ko gwiwarsa, ya sha kaye. Abin lura shi ne harshen fage cike yake da kalmomin mutuwa: idan ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa sai a ce ya kashe shi, a kira nasarar kisa, alhali wanda aka kashe ɗin zai miƙe ya kakkaɓe jikinsa a sake haɗuwa gobe. Mutanen da suka saba da wannan mutuwa ta wasa, wadda ake tashi daga gare ta, su ne waɗanda mutuwar gaskiya ta fi girgizawa idan ta ɗauki saurayin da suka sha gani yana tashi. Sana'ar kuwa tana da hanyoyin cin rai da wuri, daga targaɗe da buguwar ciki da ba a kai asibiti ba, zuwa doguwar tafiya a motocin haya tsakanin garuruwa.

Ranar rasuwa, duk wata alama ta shahara takan koma gefe. Za a yi masa wanka, a sa shi a likkafani fari irin na kowa, a ɗora a makara, a sallace shi a ƙofar gida, a kai shi makwancinsa cikin 'yan sa'o'i, kuma makaɗin da ya shekara yana binsa zai shiga sahu hannu wofi, domin ba a kai ganga maƙabarta. A zaure za a shimfiɗa tabarmi a yi zaman makoki, mai shigowa ya ce, «Yaya haƙuri?» a amsa masa, «Da godiya,» ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ƙara da «Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.» A nan ake ganin abokan karawarsa na wasu garuruwa, waɗanda ya kayar da waɗanda suka kayar da shi, sun zo a ƙungiya sun zauna a gefe guda kansu a sunkuye, kuma zuwansu yana daga cikin abin da iyaye suka fi riƙewa a rai. Warkinsa, wato fatar da yake ɗaurawa a ƙugu, da layu da kambun da yake sawa a damtse, sukan koma hannun ƙane ko yaron da ya rena a fage. Idan mutuwar ta zo farat ɗaya, raɗe-raɗin sammu ba ya rasa tasowa, domin jama'a sun san kowane ɗan wasa yana da malami ko boka a bayansa, kuma yana yi musu wuya su yarda cewa ciwo kawai ya kayar da wanda maza suka kasa kayarwa. Dattawa da limamai su ne kan kashe maganar da cewa kwana ne ya ƙare, wa'adi kuma ba ya duba ƙarfi.

Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, inda ake raba gumba ko waina a yi wa mamaci addu'a, su ne matakan da makoki kan bi a al'adance, ko da yake tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 gidaje da dama sun taƙaita a kan ta'aziyyar kwana uku. Kabarin kuwa tudun ƙasa ne da aka jera wa itace, wani lokaci a kafa fasasshiyar tukunya a kansa, bayan damina kaɗan ya baje ya yi daidai da na maƙwabtansa. Bahaushe Musulmi ba ya gina wa gwarzo gunki, ba ya mayar da kabarinsa wurin taruwa, saboda haka duk abin da zai rage na ɗan kokawa dole ya rage a kunne da baki.

A nan take da kirari suke shigowa. Take shi ne kiɗa na musamman da makaɗi kan keɓe wa mutum ɗaya, wanda duk mai sanin fage zai gane ko ba a furta kalma ba. Kirari kuwa jerin kalmomin yabo ne da ɗan wasa kan yi wa kansa da ƙaraji, ko maroƙi ya yi masa, ana ambaton iyayensa da garinsu da ubangidansa da mazan da ya kayar. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗan kokawa lokacin da aka juya ganga zuwa takensa ya san abin da ake kira tsuma: jiki ya ɗauki rawa tun daga gwiwa, jijiyoyin wuya su miƙe, ya zabura tsakiyar fage yana nuna sama da yatsa, kalmomi suna fita da ƙyar saboda numfashi. Bayan ya rasu, taken ba ya mutuwa tare da shi. Idan kaka ta zagayo aka sake buɗe fage, makaɗi kan ratsa da shi a tsakiyar kiɗa, maroƙi ya ambaci sunan ya bi shi da neman gafara, sai ka ga wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, tsofaffin abokansa su taso su yi wa makaɗin kari. Wannan shi ne makokin 'yan kallo na haƙiƙa, kuma yana da wani adalci a cikinsa, domin kirarin wanda ya taɓa kayar da mamacin ma yana ɗauke da sunansa: ba a yin alfahari da kayar da rago, don haka abokin hamayya ya zama mai gadin sunan wanda ya riga shi tafiya.

Misalin da ya fi bayyana ƙarfin wannan hanya shi ne na Shago, ɗan damben ƙasar Zamfara, da makaɗinsa Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Miliyoyin Hausawa da ba su taɓa ganin Shago a fage ba sun san shi, sun san karawarsa da Ɗandunawa, saboda an ɗauki muryar Ɗan Anace, gidajen rediyo irin na Kaduna suka yaɗa ta, kaset ya kai ta kasuwannin ƙauye da tashoshin mota. Makaɗan ƙauyukan Ƙiru da Doguwa irin wannan aiki suka yi wa mazajensu, sai dai mafi yawansu na'ura ba ta riske su ba, kuma duk ranar da irin wannan makaɗi ya kwanta dama, taken mutum goma ko ashirin ne ke bin sa ƙasa. Wannan rashi ya fi rushewar ganuwa ciwo, domin ganuwa tana barin tudu da za a nuna wa yaro.

Hanya ta biyu ita ce gadon suna, wadda ta fi fitowa fili a dambe. Matashi ba ya shiga fage da sunan yanka kaɗai. Ana jingina shi ga wanda ya koya masa, a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane idan da hagu yake naushi, ko Garkuwan wane. Sunan Shago kansa ya tashi daga na mutum ɗaya ya zama laƙabin da ake ɗaurawa magaji. Ta haka ɗan wasan da ya rasu da ƙuruciya, ko bai bar ɗa na cikinsa ba, yakan bar 'ya'yan fage, kuma duk lokacin da sanƙira ya kira ɗayansu, sunan marigayin ne ke fara shiga kunnen jama'a a matsayin tushe. Rabuwar 'yan dambe zuwa ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa ta ƙara wa abin ƙarfi, domin kowane ɓangare yana riƙe da jerin mazajensa na da, yana gasa da su.

A Jamhuriyar Nijar hukuma ta shigo cikin lamarin. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi, kuma Yakubu Ango da aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, shi ya fara ɗaukarsa. Gasar tana zagaya jihohin ƙasar takwas, kowace jiha tana kawo 'yan kokawa goma, rediyo da talabijin suna watsawa kai tsaye. Filin kokawa na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa. Wannan dabara ta dace da addini da al'ada duka biyu, domin ba kabari aka ɗaukaka ba, fagen da mutum ya yi aikinsa aka raɗa wa sunansa, kuma yaron da ya tambayi dalilin sunan zai samu labari. Ƙananan hukumomin kudancin Kano suna da filayen wasa da za su iya ɗaukar irin wannan suna, kuma dattawan da za su faɗi wanda ya cancanta suna raye a garuruwan.

Wata al'adar makoki ta daban ta shigo ta akwatin talabijin da gidajen kallo, tare da kokawar Turawa da matasa ke kira resilin, wadda wasa ce da ake tsara sakamakonta tun kafin a hau dandamali, ko da yake faɗuwa da raunin da ke cikinta na gaske ne. A can idan ɗan wasa ya rasu, ana tara abokan aikinsa a tsaye a buga ƙararrawa sau goma cikin shiru. Haka aka yi wa Owen Hart, ɗan Kanada, wanda ya faɗo daga rufin zauren wasa a birnin Kansas na Amurka ranar 23 ga Mayu 1999 yana da shekara 34, aka kuma yi wa Eddie Guerrero da zuciyarsa ta tsaya a Nuwamba 2005 yana da shekara 38. Da Bray Wyatt ya rasu a Agusta 2023 yana da shekara 36, 'yan kallo sun kunna fitilun wayoyinsu a cikin duhu, kamar yadda suka saba yi idan zai fito. Kowane ɗan resilin yana da kiɗan da ake sa masa lokacin shigowa, kuma shi ake sakawa a daren tunawa da shi, abin da Bahaushen da ya san take zai fahimta ba tare da an yi masa bayani ba. Bambancin yana wajen mai riƙe da abin: a can kamfani ne ya mallaki hoton da kiɗan, yana kuma sayar da su, a nan kuwa makaɗi ne da jama'ar gari.

Kalankuwa ta ja baya a kudancin Kano saboda dalilai da suka taru: wa'azin malamai a kan taron dare na maza da mata, tafiyar samari ci-rani da makaranta, noman rani da ya cinye hutun kaka a kewayen Tiga, ƙwallon ƙafar Turai da ta kama zukatan matasa, da matsalar ɓarayin shanu da masu satar mutane da ta addabi dajin Falgore a wasu shekaru, har mutane suka rage tafiyar dare. Wasannin maza sun fi komawa gidajen dambe na birane, inda ake biyan kuɗin ƙofa. Wayar hannu kuma ta karɓi wani ɓangare na aikin makaɗi: ranar da aka yi rashin ɗan wasa, hotonsa yakan cika Facebook da WhatsApp, ana rubuta addu'a a ƙarƙashi, masu tura waƙoƙi a kasuwanni irin ta Kwanar Dangora su tattara faifan wasanninsa su zuba wa mai so a katin waya. A majalisar dare samari kan haɗa kai a kan waya ɗaya, su mayar da bidiyon baya su sake kallon inda ya sunkuya ya kama ƙafa ya ɗaga, wani dattijo a gefe ya gyara musu sunan makaɗin da ake jin gangarsa a bayan hoton, ya faɗa musu garin da aka yi wasan da wanda ya koya wa marigayin wannan riƙo.