Daga Tukunya Zuwa Jiki: Matakan Tarbiyyar Rai a Addinin Tawo

Tun zamanin dauri mutanen ƙasar Sin suke neman maganin mutuwa. Wajen shekara ta 320, wani masani mai suna Ge Hong ya wallafa littafi inda ya tabbatar wa masu karatunsa cewa ana iya samun wannan magani ta hanyar dafa ma'adinai. Babban sinadarin aikin shi ne wani jan dutse da ya ƙunshi zaiba da farar wuta. Akan rufe shi cikin tukunya tare da dalma, a yi ta ba shi wuta kwana da kwanaki, har ya zama ƙwayar da ake haɗiyewa.

Abin da aka sha don a dawwama shi ya riƙa gaggauta ajali, domin zaiba guba ce. Marubutan tarihi suna danganta mutuwar sarakuna da dama na daular Tang da wannan ƙwaya, cikinsu har da Muzong a 824 da Wuzong a 846. A ƙarnonin nan ne wata fahimta ta daban ta yi ƙarfi a tsakanin mabiya Tawo. Suka ce tukunyar gaskiya jikin mutum ce, wutarta numfashi da niyya, sinadaranta kuwa suna cikin kowa tun ranar haihuwa. Wannan tafarki shi ake kira Neidan, watau haɗa magani a ciki. A 1075 Jang Boduwan ya tsara koyarwar cikin baitocin da suka zama abin dogaro ga na baya.

Malaman tafarkin sun ce abu uku ke riƙe da ɗan Adam: jing, tsantsar ruwan jiki wadda haihuwa ke fitowa daga gare ta, ci, ƙarfin rai da ke tafiya da numfashi, da shen, wanda za a iya kira ruhi. Kowannensu yana da mazauni da ake kira gonar magani: ɗaya ƙasan cibiya, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ka. A ganinsu halitta tana gangarowa ne daga ɗaya zuwa yawa, ƙarshen gangaren kuwa tsufa da kabari. Aikin almajiri shi ne ya juya, ya hau inda ruwa ya sauko.

Kafin komai sai an kafa harsashi: a rage ci da sha'awa, a daidaita numfashi, a koyi zama shiru, a maido abin da shekaru suka zubar. Sa'an nan mataki na farko, wanda ake yi wa laƙabi da shingen kwana 100, inda ake tace jing ya koma ci. Almajiri yakan bi ƙarfin da hankalinsa, ya hau da shi ta ƙashin baya har ƙwaƙwalwa, ya sauko da shi ta gaba zuwa ƙasan cibiya, ya yi ta zagayawa. Na biyu shi ne shingen wata 10, inda ci ke komawa shen. An kamanta shi da goyon ciki, don suna cewa wani sabon mutum ne ke girma a cikin tsohon, kuma a nan ƙoƙari yana raguwa, lura tana ƙaruwa. Na uku shi ne shingen shekara 9, inda ruhin kansa ke narkewa cikin sararin da babu suna babu siffa, wanda daga gare shi kome ya fito. Malamai da yawa sun ɗauki waɗannan adadi a matsayin misali. Abin lura shi ne kowane mataki ya fi na bayansa tsawo, ya kuma fi shi ƙarancin aiki.

An yi saɓani kan inda za a fara. Mabiya Jang Boduwan na kudu sun gabatar da gyaran jiki, ɗariƙar Cuwanjen ta arewa kuwa, wadda Wang Congyang ya kafa wajen 1167, ta gabatar da wanke zuciya. Almajirinsa Ciyu Cuji ne, yana tsoho mai fiye da shekara 70, ya amsa kiran Jangis Han, ya same shi a 1222 a yankin duwatsun Hindu Kush. Sarkin da ya ci rabin Asiya ya tambaye shi maganin dawwama. Tsohon ya gaya masa akwai hanyar kiyaye lafiya, amma babu maganin mutuwa, ya kuma hore shi da rage sha'awa da zubar da jini. Sarkin ya yaba da gaskiyarsa, har ya ɗauke wa mabiyansa haraji.

A gidan ibada na Farin Gajimare da ke Bejin, inda aka binne Ciyu Cuji, akwai zanen da aka sassaƙa a 1886 mai nuna jikin mutum kamar ƙasa mai tuddai da koguna. A can ƙasa yaro da yarinya suna taka keken ruwa don ruwan ya hau sama, manomi yana huɗa da sa, can ƙololuwa kuma wani tsoho yana zaune shiru. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sarakunan Tang sun dafa dutsen da gaske suka sha guba; waɗanda suka biyo bayansu sai suka ajiye dutsen, suka riƙe haƙurin.