Ƙarfin Injin Daban, Garin da Ya Fito Daban: Tarihin Niƙan Alkama da Hatsin Rai

Shekarar da ta wuce na ba ƴan ajina na CM2 wani lissafi irin wanda muka saba. Na ce masana'anta tana iya niƙa tan 100 na alkama a rana, tan nawa za ta niƙa a kwana 30? Kowa ya rubuta 3,000, sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in aka ɗauke wuta fa?" Ajin ya fashe da dariya, ni ma na dara. Sai da na koma gida na ga ita kaɗai ce ta karanta tambayar da kyau. Na ce "tana iya niƙa", ban ce "ta niƙa" ba. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu akwai tarihin da ya ɗaga wasu birane ya kuma kayar da su, kuma shi nake so mu bi yau, mu malamai da iyayen yara da muke jin ana sanar da sababbin masana'antu a rediyo da adadi masu daɗin ji.

Shekaru dubbai, niƙa a Turai aikin dutse ne, kamar yadda kakanninmu mata suka sani, sai dai can ruwan kogi ko iska ke juya dutsen. Dutse yana murƙushe ƙwaya gaba ɗaya, da ɓawonta da cikinta, sai garin ya fito da duhu, kuma ba ya jimawa a ajiye saboda man da ke cikin idon ƙwayar. Wanda ke son farin gari sai ya yi ta tankaɗe, ya yi asarar mai yawa a cikin dusa.

Canjin ya fara ne a ƙasar Hangari. Alkamarsu mai tauri ce, mai kyau ga burodi, amma ɓawonta na farfashewa a ƙarƙashin dutse ya ɓata garin. A 1839 wani basarake mai son ci gaban ƙasarsa, István Széchenyi, ya jagoranci kafa masana'antar niƙa a Pest, ɓangaren birnin da daga baya ya zama Budapest, ta fara aiki a 1841 da ƙarfin tururi. Maimakon dutse, ta yi amfani da dabarar wani injiniya ɗan Suwizalan, Jakob Sulzberger. A kwatanta taɓare biyu na ƙarfe a kwance kusa da juna, suna juyawa, ɗaya ta fi ɗaya sauri. Ƙwaya ta bi ta tsakaninsu, a tsaga ta ba tare da an dagargaza ɓawon ba, a tankaɗe, a mayar da tsakin ga wasu taɓaren da suka fi matsewa, a sake tankaɗewa, haka har sau da yawa. Duk macen da ta san surfe da bakace kafin niƙa za ta gane hikimar: a raba dusa tukuna, a hankali.

Dabarar ba ta kankama ba sai wajen 1874, lokacin da András Mechwart na kamfanin Ganz ya fara ƙera taɓaren da wani irin ƙarfe mai tsananin tauri wanda ba ya saurin cinyewa. Daga baya Károly Haggenmacher ya ƙirƙiro rariyar inji mai hawa hawa, wadda ke jujjuyawa kamar hannun mai tankaɗe, kuma har yau irinta ake amfani da ita. Budapest ta zama babbar cibiyar niƙa ta duniya, garinta na zuwa Ingila har da Barazil.

To, me ya ci ta? Ba injin ne ya lalace ba. Masana'antun sun yi girman da alkamar gida ba ta isarsu, suna shigo da ta ƙasashen Balkan ba tare da biyan kuɗin duwan ba, muddin garin waje za a kai shi. Manyan manoman Hangari suka ga wannan na karya musu farashi, suka matsa har aka soke tsarin a 1900. Sai yaƙin duniya na farko ya zo, daular Ostiriya da Hangari ta wargaje, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Gonakin da ke ciyar da injinan da kasuwannin da ke sayen garin suka koma bayan iyakoki, kowace sabuwar ƙasa ta gina nata injinan ta sa haraji. Gine-ginen na nan tsaye a bakin kogin Danub da ƙarfinsu na da, amma ba abin niƙa, ba mai saye.

Kafin haka ma wani birni a Amurka ya riga ya karɓe kambun, wato Miniyapolis, a jahar Minesota. Dalilin kafuwarsa shi ne wurin da kogin Misisipi ke faɗowa daga tudu, ruwan na juya injina kyauta. A yammacinsa kuma ga filaye marasa iyaka da ake noma alkama mai tauri, jirgin ƙasa na kwaso ta. A farkon shekarun 1870 wani Bafaranshe, Edmund La Croix, ya kafa musu na'urar da ke hura iska cikin tsaki tana kwashe ɓarɓashin dusa, wato sheƙa ke nan da inji. Attajiri Cadwallader Washburn ya gina babbar masana'antarsa a 1874.

Ran 2 ga Mayu 1878 masana'antar ta tashi kamar an dasa mata bam. Ƙurar gari da ta cika iska a rufaffen ɗaki, in ta haɗu da tartsatsin wuta, fashewa take yi. Mutum 18 suka mutu, wutar ta cinye wasu masana'antu biyar na kusa, birnin ya rasa aƙalla sulusin ƙarfin niƙansa a dare ɗaya. (Wannan ya kamata mu riƙa faɗa wa yara a darasin kimiyya, don da yawansu su ake aika wa wurin mai injin unguwa.) Washburn ya sake gini, ya gama a 1880, da na'urorin tsotse ƙura da taɓaren ƙarfe irin na Budapest, waɗanda injiniyansa William de la Barre, haifaffen Ostiriya, ya je ya leƙo yadda suke aiki.

A 1881 gidan Pillsbury ya buɗe tasa a ɗaya gaɓar kogin, an tsara ta don ganga 5,000 na gari a rana, a zamanin da mai ganga 500 ake ce mata babba. Gangar gari a ma'aunin Amurkawa kusan kilo 89 ce. In muka buga, tan 445 ke nan, ko buhu 8,900 masu kilo 50, kowace rana, daga gini ɗaya. A wajen 1916 birnin ya kai ƙololuwarsa, ya fitar da ganga fiye da miliyan 20 a shekara, kusan tan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas.

Shekara goma sha huɗu bayan haka, a 1930, birnin Bafalo ya wuce shi. Bafalo ba ta noma alkama. Abin da take da shi matsayi ne: tana ƙarshen manyan tafkunan da jiragen ruwa ke bi, kusa da biranen gabas masu cin burodi. Kuɗin dako ya canza har ya zama ya fi arha a kai alkama can a niƙa da a niƙa a Miniyapolis a yi dakon gari. Doka ta yarda a shigo da alkamar Kanada ba haraji in za a fitar da garin waje, irin tsarin da Budapest ta ci moriyarsa a da. Lantarki ya sa ba a buƙatar zama a bakin kogi. Noman alkama kuma ya ƙaru a kudu, wajen Kansas. Masana'antar Washburn ta rufe a 1965, gobara ta ci ta a 1991, yanzu kangonta gidan tarihi ne da ake kai ƴan makaranta. Ta Pillsbury ta lallaɓa har 2003.

Ban ce komai ba tukuna game da ɗan uwan alkama, hatsin rai, wanda Faransawa ke kira segil. Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Kama yake da alkama, sai dai ya fi ta tsawon kara, yana jure sanyi da ƙasa mai yashi inda alkama ba ta yi. A wannan fuska shi ne geron Jamus da Polan da Rasha, abincin talaka. Garinsa mai duhu ne, ƙullunsa ba ya da danƙon da ke sa burodin alkama ya kumbura, sai an bar shi ya yi tsami kafin a gasa, burodin ya fito da nauyi. Hikimar Budapest da Miniyapolis duk ta neman fari ce, shi kuwa mai cin burodin rai ba fari yake nema ba. Don haka hatsin rai bai gina manyan biranen niƙa irin waɗannan ba. Ya zauna a dubban ƙananan injinan ƙauyuka, ana niƙa shi kusa da inda aka noma shi.

Kafin yaƙin duniya na biyu Jamus ta fi noma rai a kan alkama. Da arziki ya ƙaru sai bakin mutane ya koma ga farin burodi, har yanzu alkamar da injinan Jamus ke niƙa ta ninka rai kamar sau goma. A 1950 akwai injinan niƙa kusan 19,000 a Jamus ta Yamma, ƙarfinsu ya zarce abin da ƙasar ke ci nesa ba kusa ba, kowa na aiki rabi da rabi, kowa na karya farashi. A 1957 majalisa ta yi wata doka da na sha mamaki ranar da na fara karanta labarinta: an taƙaita gina sababbin injina, an kuma biya masu injin kuɗi don su rufe. Gwamnati ta sayi ƙarfin niƙa don ta kashe shi. Yau manyan injinan da ake lissafawa a ƙasar ba su kai 200 ba, amma suna niƙa fiye da abin da dubban can suka niƙa. Mai kallon yawan injina zai ce sana'ar ta mutu, mai kallon garin da ya fito zai ce ta bunƙasa, kuma adadin kowannensu gaskiya ne. Abin da adadin bai nuna ba shi ne ƙauyukan da suka rasa mai injinsu.

Labarin ya iso mu ta hanyar Bafalo, ba ta Miniyapolis ba. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, da ita ake alkaki da taliya da gurasa tun kaka da kakanni, ana noma ta da ban ruwa a lokacin sanyi, kamar yadda har yanzu ake yi a lambunan Ayar. Amma kaɗan ce, ta biki da gidan sarauta. Burodin mai shayi na kowace safiya daga teku ya zo. Manyan injinan Afirka ta Yamma a bakin tashar jiragen ruwa aka gina su, a Dakar da Abijan da Legas, don alkamar jirgi. Kamfanin Flour Mills of Nigeria an kafa shi a 1960, injinsa na Apapa ya fara aiki a 1962, daga baya aka yi reshe a Kano. Da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, cin burodi ya hauhawa, ƙarfin niƙa ya bi shi. An zuba dukiya a manyan madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da fatan a noma alkamar a gida, amma abin da aka girbe bai kai ko kusa da buƙatar injinan ba. A 1985 wasu masana biyu ƴan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi a kan lamarin, suka kira shi tarkon alkama.

A Janairun 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama. Injinan suka wayi gari kamar na Budapest bayan 1920: ƙarfi na nan, abin niƙa babu. Wasu suka koma niƙan masara da dawa, aka sallami ma'aikata da yawa. Mutane kuwa ba su daina son burodi ba, sai garin ya riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya daga maƙwabta, kuma dattawan ƴan kasuwar Maradi da Birnin Konni sun fi ni sanin yadda aka yi. A 1992 aka ɗage haramcin. Ni dai a ganina kuskuren ba a 1987 aka yi shi ba, tun farko aka yi shi, ranar da aka auna ci gaba da girman injin ba a tambayi gonar da za ta ciyar da shi ba. Mu da ba mu da teku, kowane buhun fulawa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu a mota bayan ya sauka daga jirgi, mun fi kowa buƙatar yin wannan tambaya.

Akwai kuma wani ragi da ake mantawa. Ko injin ya yi aiki cur, kilo 100 na alkama ba ya ba da kilo 100 na farin gari. Kimanin kilo 75 ake samu, saura dusa ce ta dabbobi. Wasu ƙasashe suna faɗin ƙarfin injin da nauyin ƙwayar da ta shiga, wasu da nauyin garin da ya fito, kuma mai sanarwa ba kullum yake bambancewa ba.

Bana na sake ba sabon aji lissafin, amma na gyara shi. Masana'anta tana iya niƙa tan 100 a rana. A wata ɗaya ta yi aiki kwana 18, saboda ɗaukewar wuta da jiran motocin alkama, kowace rana ta niƙa tan 60, kuma kowane kilo 100 na ba da kilo 75 na gari. Buhu nawa masu kilo 50 suka fito? Waɗanda suka yi gaggawa suka rubuta 60,000. Amsar ita ce 16,200, kuma yara bakwai ne suka same ta.