Ranar Tsayar da Antibayotik ga Jarirai Masu Nauyi Ƙasa da Giram 1,500: Sake Duba Hujjoji

Tsakure

Maƙalar nan ta sake auna hujjojin da aka wallafa kan ba wa bakwaini masu ƙarancin nauyi antibayotik a ɗakunan kulawa ta musamman. Matsayinta shi ne cewa illar da ake gani ta fi jingina ga ci gaba da maganin bayan gwajin jini ya fito babu ƙwayar cuta, ba ga fara shi ba.

Waiwaye

Cotten da abokan aikinsa, a 2009, sun bi jarirai 4,039 masu nauyi ƙasa da giram 1,000 a Amurka waɗanda gwajin jininsu bai tsirar da komai ba. Kashi 53 cikin ɗari an ba su maganin kwana biyar ko fiye, kuma a cikinsu aka fi samun ruɓewar hanji da mutuwa. Ting, a Kanada cikin 2016, ya sami makamancin haka a jarirai 11,669.

Wanda ya saɓa shi ne binciken Li da abokan aikinsa na 2020, a ɗakuna 13 na nahiyoyi biyar, inda jariran da aka ba maganin tun farko suka fi tsira daga ruɓewar hanji. Wasu sun riƙe wannan a matsayin amsa ga Cotten. A ganin mai wannan maƙala, ba amsa ba ce, don ba tambaya ɗaya suka yi ba. Li ya kwatanta wanda aka fara wa da wanda ba a fara wa ba; Cotten kuwa tsawon kwanaki ya auna. Bayan haka, jaririn da likita kan ƙyale babu magani sau da yawa shi ne wanda aka ciro ta hanyar tiyata saboda hawan jinin uwa, wanda bai girma sosai a ciki ba, kuma irin wannan dama hanjinsa na cikin haɗari tun kafin a zo maganar allura.

Hanyar Bincike

An zaɓi manyan bincike, akasarinsu waɗanda suka haɗa asibitoci da yawa, tsakanin 2009 da 2020, aka rarraba su bisa tambaya biyu: farawa da tsawaitawa.

Sakamako

Farawa kusan kowa na yi. Flannery, a 2018, ya nuna cewa kashi 78.6 cikin ɗari na jarirai masu nauyi ƙasa da giram 1,500 a Amurka sun sami antibayotik a kwanakin farko, alhali cutar jini ta farkon haihuwa da gwaji ke tabbatarwa ba ta kai biyu cikin ɗari ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta Schulman, wadda aka wallafa a 2015. Ya duba jarirai 52,061 a ɗakuna 127 na jihar Kalifoniya cikin shekarar 2013, ya lissafa kwanakin da jariri ke kan magani a cikin kwanakin kwanciyarsa. Wani ɗakin kashi 2.4 ne, wani 97.1, wato ninki arba'in, a jiha ɗaya cikin shekara ɗaya. Da tsananin ciwo ne ke jan amfani da maganin, da an ga ɗakunan da suka fi yawan cuta su ne kan gaba. Ba haka aka gani ba. Yawan amfanin bai bi yawan cutar da aka tabbatar ba, bai bi yawan tiyata ba, bai bi mace-mace ba. Abin mamaki ma, rabin ɗakuna masu matsakaicin mataki sun faɗa rukunin masu yawan bayarwa, kuma akasarinsu ba su kawo rahoton cuta ko ɗaya da aka tabbatar ba. Abin da ya rage a yi bayani da shi shi ne al'adar ɗaki da fargabar likita, wanda kan ce "a ƙara kwana biyu mu gani" ko da gwajin ya fito fes.

Wannan fargaba tana da magani. A asibitin Parkland da ke Dallas, Cantey ya sa umarnin magani ya riƙa yankewa da kansa bayan sa'a 48 sai likita ya sabunta da dalili. Haɗe da wasu matakai, amfani ya ragu da kashi 27 cikin ɗari ba tare da an ga ƙarin illa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagoranta na 2018, ta ce a tsayar tsakanin sa'a 36 zuwa 48 idan gwajin bai tsirar da komai ba.

Iyakoki

Dole a ambata cewa duk waɗannan bincike na lura ne, kuma jaririn da ya fi jin jiki shi ake tsawaita wa magani. Greenberg, a 2019, bai sami alaƙa mai ƙarfi da ruɓewar hanji ba. Alƙaluman Schulman sun haɗa duk jariran ɗakin, ba masu ƙarancin nauyi kaɗai ba. Sannan hukuncin sa'a 48 ya dogara ga gwajin da aka yi da jini aƙalla mililita ɗaya a ɗakin gwaji mai inganci. Inda babu wannan, ba za a ɗauko shi yadda yake ba.