Yadda Talakawan Dudley Suka Mallaki Ƙasar Unguwarsu



Ya 'yan uwa matasa, a yau za mu waiwayi tarihin Dudley, wata unguwar talakawa da ke yankin Roxbury a birnin Boston na ƙasar Amurka, domin a cikinsa akwai darasi ga duk wanda kuɗin haya yake hana shi barci.

Tun daga shekarun 1950 masu hali suka riƙa ƙaura daga unguwar, bankuna kuma suka ƙi bai wa baƙaƙen fata da baƙin da suka maye gurbinsu bashin saye ko gyaran gida. Wasu masu gidajen haya sai suka koma cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Zuwa farkon shekarun 1980 akwai filaye kusan 1,300 da suka zama kango, 'yan kwangila suna zuwa da dare suna jibge shara a cikinsu.

A 1984 gidauniyar Riley da wasu ƙungiyoyin agaji suka kafa ƙungiyar DSNI don farfaɗo da unguwar. Amma a taron da aka kira a 1985, wata mazauniyar unguwar mai suna Che Madyun ta miƙe ta nemi sanin mutum nawa ne cikin shugabannin suke zaune a unguwar. Wannan tambaya ta sa aka rushe tsarin aka sake shi: mazauna suka zama su ne mafi rinjaye a kwamiti, aka raba kujeru daidai wa daida tsakanin baƙaƙen Amurka, da masu magana da Sifaniyanci, da 'yan asalin Cape Verde, da Turawa, ana yi wa kowa tafinta a wurin taro. Daga baya ita ce ta zama shugabar ƙungiyar.

Ba da gini suka fara ba, da shara suka fara. A 1986 suka yi gangami har magajin gari Raymond Flynn ya tura ma'aikata aka kwashe bola da matattun motoci, daga bisani aka rufe wasu haramtattun wuraren tara shara. Da jama'a suka ga haɗin kai yana da amfani, sai suka tsara taswirar unguwar da suke so a 1987. A 1988 hukumar raya birnin ta ba su ikon karɓar filayen da masu su suka yi watsi da su, bisa biyan diyya, ikon da ba a taɓa bai wa wata ƙungiyar unguwa a Amurka ba. Gidauniyar Ford ta ranta masu dala miliyan 2 don sayen filayen.

A nan hikimar take. Ba su rarraba filayen ba, sai suka sanya su amana a hannun wata hukuma tasu. Mutum ya sayi ginin, ƙasar kuwa haya ce ta shekara 99, kuma idan zai sayar akwai iyakar ribar da zai ɗora, domin talaka na gaba ya iya saye. Ta haka aka samar da gidaje fiye da 200 a kan eka sama da 30. Lokacin da rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba ɗimbin iyalai da muhallinsu a Amurka, 'yan ƙalilan ne aka ƙwace a kan wannan ƙasa.

Ɗalibin fiƙihu zai tuna da waƙafi. Sa'ad da Sayyidina Umar (RA) ya samu fili a Khaibar, Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinsa ya yi sadaka da amfaninsa, sai ya sharɗanta kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada. Mutanen Dudley ta tasu hanyar suka bi, amma sun tarar da wannan gaskiyar: muddin ƙasa tana kasuwa, mai kuɗi ne zai gaje ta, komai kyawun niyyar wanda ya gina gidan.

Saboda haka, idan kun zauna shawara a kan matsalar muhalli, ku fara da tambayoyi biyu: su wa ke yanke hukunci, kuma a hannun wa ƙasar za ta kasance bayan shekara hamsin?

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.