Janar LeMay, Mutumin Da Ya Ƙone Tokiyo A Dare Ɗaya

A wannan makon na ɗan jingine labarin soyayyar da muke ciki, zan kawo muku tarihin wani sojan Amurka wanda da a littafina na ƙirƙiro shi, da kun ce na cika ƙarin gishiri.

Sunansa Curtis LeMay, an haife shi a jihar Ohayo a 1906. Ɗan talakawa ne, da rana yana jami'a, da dare yana aiki a masana'antar narka ƙarfe. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, a 1942 aka tura shi Ingila yana jagorantar jiragen jefa bom. Ya hana matuƙansa kauce-kauce idan ana harbo su daga ƙasa, ya ce a miƙe sak har sai an saki bom, kuma shi da kansa ya shiga jirgin gaba. A watan Agusta 1943 ya jagoranci jirage 146 zuwa Regensburg ta Jamus, 24 ba su dawo ba. Jarumta kam ba a raba shi da ita.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren 9 ga Maris 1945. An ba shi jiragen B-29 don ya durƙusar da Japan, sai ya lura bom daga can ƙololuwar sama ba ya samun masana'antu, iska ke kwashe shi. Ya kuma san gidajen talakawan Tokiyo na katako ne da takarda. Sai ya sa aka cire yawancin bindigogin jiragen don su ƙara ɗaukar kaya, aka loda musu bama-baman da ke tada gobara, suka sauko ƙasa-ƙasa cikin duhu, jirage kusan 300. Kafin gari ya waye mutum wajen dubu 100 sun halaka, sama da miliyan sun rasa matsuguni. Shi kuwa abin da ya auna a hotunan da aka ɗauko masa shi ne faɗin wurin da ya ƙone, kusan mil 16 murabba'i. Hoto daga sama ba ya nuna goyo a bayan uwa.

Mu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu wannan ba tatsuniya ba ce. Ƴan bindiga sun addabe mu har mutane na jin sanyi in sun ji rugugin jirgin yaƙi ya nufi daji, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai mun ji abin da ya faru a Tudun Biri ta Kaduna a Disamba 2023, inda aka jefa wa masu Maulidi bom bisa kuskure, da na Tungar Kara a nan Zamfara a Janairu 2025. Na LeMay ya fi muni, don shi da gangan ya yi. Robert McNamara, wanda ya yi aiki ƙarƙashinsa, ya faɗa a 2003 cewa LeMay da bakinsa ya ce da sun sha kaye, da an gurfanar da su a matsayin masu laifin yaƙi.

Ba su sha kaye ba. A 1961 ya zama shugaban rundunar sojan saman Amurka, a 1962 ya matsa wa Shugaba Kennedy a kai wa Kuba hari, Allah Ya sa bai saurare shi ba. A 1964 gwamnatin Japan ɗin nan dai ta rataya masa babbar lambar yabo saboda taimakon gina sabuwar rundunar samanta. Ya mutu a 1990 yana da shekara 83.